Giyabos a Tsakar Gidanmu

Maigidana direban tarakta ne, shi ne kuma makanikenta. Tsohuwar tarakta ce ja, wadda rana ta ci fentinta har ta koma kalar goro. Da damina ta faɗi sai ya fita da ita ƙauyukan arewacin birni yana yi wa manoma haro da huɗa, mu yi kwana da kwanaki ba mu sa shi a ido ba. Da rani kuwa ajiye ta yake a wani fili bayan badala, ta wajen Ƙofar Ruwa, a gindin wata darbejiya, saboda lungunmu na Madabo ko kurar 'yan dako ce ta shigo sai mutane sun raɓe jikin bango.

A daminarsa ta ƙarshe ya dawo yana ƙorafin giya. Ya ce yana cikin huɗa sai ta fice da kanta, tarakta ta tsaya tana gurnani a tsakiyar gona, har sai ya danne libar giyar da gwiwa kafin ya kai ƙarshen kunya. Ana gama ƙaramar salla ya ce lokacin gyara ya yi. Ya raba taraktar biyu a gindin darbejiyar, gaba da injin a gefe, baya da manyan tayoyi a gefe, kowanne an tokare shi da kututture, ya ciro abin da ke tsakiya. Shi ne giyabos, akwatin ƙarfen da giyoyi ke zaune a cikinsa. Bai yarda ya bar shi a fili ba, don 'yan gwangwan ba sa barin ƙarfe ya zauna shi kaɗai. 'Yan dako suka turo shi a kura har ƙofar gida, suka shigo da shi suna nishi, suka dire shi a ƙarƙashin rumfar da nake girki in ana ruwa.

Na ce, "Malam, ni kuma ina zan kai murhuna?"

Ya ce, "Baƙo ne, ki yi haƙuri da shi. Kafin ruwan farko ya tafi."

Ya shimfiɗa buhuna ya kwance shi, yana ciro kayan ciki ɗaya bayan ɗaya yana jerawa, manya da ƙanana, masu haƙora da masu santsi. Ya gargaɗi yara kada wanda ya taɓa. Bai kai ga mayar da ko ɗaya ba zazzaɓi ya kwantar da shi. Muka ɗauka na kwana biyu ne. Aka kai shi asibiti, daga can sai gawarsa aka dawo mana da ita.

Na shiga takaba. Hajiya, mahaifiyarsa, ta kwaso kayanta ta dawo ɗakin da ke kallon nawa don kada in zauna ni kaɗai. Shekarar ce soja suka yi alkawarin miƙa mulki ga farar hula, gab da shiga shekara ta dubu biyu. Motocin 'yan siyasa na wucewa can bakin titi da lasifika, sautin ya tsallako katangu ya iso mana a gutsure, rabin waƙa, rabin alkawari. Ni kuwa duniyata ta tsaya daga bakin ɗakina zuwa bakin rijiya. In yara sun tafi makaranta gidan ya yi tsit, rana ta hau bango a hankali ta sauka a hankali, ban san Litinin ba, ban san Laraba ba.

Kayan giyar an rufe su da tamfol tun ranar zaman makoki, don kada mata masu zuwa gaisuwa su yi tuntuɓe. Ban ƙara kallon wajen ba sai da zafin bazara ya kama. Wata rana iska ta ɗaga gefen tamfol ɗin, na hango tsatsa ta fara kama wani faifan giya, ja-ja kamar lallen da bai gama kamawa ba. Sai na ji kunya ta kama ni, kamar an ga rigarsa da datti a cikin mutane. Na ɗebo kananzir a tsohon kwano, na samo buroshin haƙori da aka daina amfani da shi, na zauna na wanke shi haƙori bayan haƙori, na goge da tsumma, na mayar daidai inda na ɗauka. Washegari na ɗauki na kusa da shi.

Warin man giya daban yake da na baƙin mai, yana da nauyi, yana kama hannu. Shi ne warin da ke shigowa gida tare da shi tun ina amarya, wanda na sha yi masa mita a kai. Yanzu sai in wanke ƙarfe biyu ko uku, in jingina da ginshiƙin rumfa, barcin rana ya ɗauke ni. Sau da yawa nakan yi mafarkin taraktar ta shigo lungunmu, katangu suna ja da baya suna ba ta hanya, kunya na tashi a bayanta, gero na fitowa nan take, kore shar, tun daga ƙofar gidanmu har gindin Dala. Ba na ganin fuskar mai tuƙin, bayan hularsa kawai. In na farka sai in ga Hajiya na kallona daga kan tabarmarta, carbi a hannu.

Yayan maigidana mai sayar da yadi ne, mutum mai tsafta, kullum cikin farar shadda. Ya zo wata Juma'a bayan masallaci, ya tsaya nesa da rumfar yana tattare babbar rigarsa.

Ya ce, "Hajiya, wannan kayan fa gara a kira masu saye su kwashe, har da can na fili. Wa zai haɗa? Ganinsa kullum fama mata ciwo zai dinga yi."

Ban ɗago kai ba. Ban san abin da nake so ba a lokacin.

Hajiya ta ce, "A bari ta fita takaba. Ƙarfe ba ya ruɓa."

Bayan wannan ne wani dattijo da ake kira Baba ya zo. Tsohon makanike ne daga Zaitawa, a hannunsa maigidana ya koyi aiki. Bai samu zuwa jana'iza ba don shi ma yana kwance, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi. Ya tashi, amma hannuwansa ba su daina rawa ba. Ya yi mana gaisuwa daga soro, sannan ya ce ya ji an ce akwai aikin da yaronsa ya bari, ko zai gani. Na sa hijabi, Hajiya ta yi masa iso. Ya zauna a kan turmin da aka kifa, aka yaye masa tamfol. Ya daɗe yana kallo.

"Wa ya wanke su?"

Na ce, "Ni ce, Baba."

"Kin sauya wa wani wuri?"

"A'a."

Ya gyaɗa kai. "Kin ga wannan layin na sama ne, wannan na ƙasa. Yadda za su koma haka ya jera su. Ai ya yi rabin aikin." Ya ɗaga hannuwansa yana kallon yadda suke kaɗawa. "Ido na nan, kai na nan. Hannu ne ya tafi ya bar ni."

Ya ce in miƙo masa wani zoben ƙarfe. Da na miƙa, ba zoben ya kalla ba, yatsuna ya kalla.

"'Yata, wace sana'a kike yi?"

"Ɗinkin hula."

"To ai shi ke nan. Wanda ya iya zura zare a allura ba abin da zai gagare shi a cikin akwatin nan. Ki ara mini hannu, ni in ara miki ido."

Hajiya ba ta amsa ranar ba. Sai da ta aika aka tambayo limamin unguwa. Ya aiko cewa abin da aka hana mai takaba fita ne da kwalliya, ba aiki a cikin gidanta ba, kuma a iya saninsa baƙin mai ba ya cikin kayan kwalliya.

Haka muka fara. Da hantsi ɗan acaɓa zai sauke Baba a bakin lungu, ya ƙaraso da sandarsa. Hajiya ta jawo tabarma kusa tana tsinke zogale ko tana gyaran wake. Ni in durƙusa gaban buhunan. Ya fara da koya mini saurare. Ya sa na ɗauki boris, zoben nan mai 'ya'yan ƙarfe a ciki da sanda ke juyawa a kansa, na juya shi kusa da kunne. Na farko ya yi shiru kamar ruwa a randa. Na biyu ma haka. Na uku kuwa sai ƙara, kamar tsakuwa a gwangwani.

Baba ya ce, "Ga ɓarawon nan. Shi ya sa sanda take rawa, giya take zamewa."

Muka kuma samu ƙarfen da ke tura giya, mai yatsu biyu kamar cokali, ya cinye ta gefe guda har yana ƙyalli. Dole a sayo sababbi, ni ba na fita, Baba ba ya iya cunkoson kasuwa. Hajiya ta aika a kira Yaya. Ya tafi Ƙofar Ruwa fuska a ɗaure, ya dawo da boris a leda riƙe da yatsu biyu. Baba ya kalla sau ɗaya ya ce na mota ne, ya yi ƙarami. Yaya ya koma da tsohon a hannu. Da ya dawo akwai baƙin tabo a hannun rigarsa, yana ba da labarin yadda ya zaga rumfa bayan rumfa har wani dattijo ya tono masa shi daga ƙarƙashin tarkace, har da ƙarfen nan mai yatsu biyu. Bai tafi ba ranar. Ya tsaya ya ga na dasa boris ɗin, ina bugawa a hankali da guduma ta kan guntun katako. Bayan kwana biyu sai ga shi da tsohuwar riga a leda, wai ko za a buƙaci mai ɗaga abu mai nauyi. Aka kuwa buƙata.

Akwai wasu 'yan ƙananan ƙarafa kamar allurai marasa tsini, da ake jerawa a zagaye cikin wani rami, a manne su da giris don kada su zube kafin sanda ta shiga. Nan ne na gane dalilin da ya sa Baba ya kalli yatsuna. Ina jerawa ina riƙe numfashi, sai ɗaya ta suɓuce ta faɗa ƙasa. Muka nema har azahar. Yaya ya zargi kaza, har ya fara maganar a yanka ta a duba. Hajiya ta tashi ta share ƙasar wajen gaba ɗaya ta tara, ta ɗauko rariya ta zauna tana tankaɗe kamar garin tuwo. Can sai ga ta kwance a tsakiyar rariya.

Abin da ban zata ba shi ne labaran. Baba ba ya iya zama shiru in ana aiki, kuma duk abin da na ɗauka sai ya tuna masa da maigidana. A bakinsa na ji cewa mutumin da na zauna da shi shekaru, wanda ba ya ko ɗaga murya a gida, waƙa yake yi in ya shiga ƙarƙashin mota, da murya mara daɗi, har maƙwabtan garejin suna roƙon a ba shi goro ya yi shiru. Na ji cewa yana tsoron kwaɗo, ya taɓa barin tarakta a kunne a gona ya gudu saboda ɗaya ya hau kan takalminsa.

Wata rana Baba ya ce, "Akwai ranar da ya zo aiki, duk notin da na ce ya ɗaure sai ya kwance, wanda na ce ya kwance sai ya ɗaure. Na ce kai, lafiya? Ya ce Baba, an aike ni Koki jiya, na ga wata yarinya tana tankaɗe a soro, gari ya yi mata fari a gira."

Koki unguwar iyayena ce. Ban taɓa sanin ranar da ya fara ganina ba sai a lokacin. Sifanar da ke hannuna ta yi mini nauyi, na ajiye, na shiga ɗaki. Ba wanda ya kira ni. Da na fito na tarar Hajiya ta zuba wa Baba kunun tsamiya tana riƙe masa kofin yana sha.

Ba kullum aikin ke tafiya daidai ba. Sau ɗaya mun kusa gamawa Baba ya sa na juya, ya ji wani abu na gogar wani, ya ce a fito da komai. Wani faifai na sa a juye, shi kuma idonsa ya tsallake. Na yi fushi har na ƙi cin abincin rana. Ya ce shi kansa ba zai iya tuna sau nawa ya yi irin wannan ba, gara a tsakar gida da a tsakiyar gonar mutane.

Ranar da aka rantsar da sabuwar gwamnati mazan lungu duk sun taru gidan wani maƙwabci mai talabijin. Muna jiyo su ta kan katanga, da tambarin soja, da tafi. Hajiya ta kunna 'yar rediyonta ƙasa-ƙasa. Baba ya ce ya taɓa ganin irin wannan rana yana da ƙarfinsa, Allah dai ya sa wannan karon ta ɗore. A ranar na yanka takardar da ake sawa a bakin murfi don kada mai ya zuba. Na ɗora ta a kan ƙarfen ina bubbuga gefe-gefe da ƙaramar guduma har siffar ta fito da kanta, da ramukanta. Muka rufe. Yaya ya ɗaure notuna, Baba yana ce masa wannan, sai na can ɓangaren, kada ka bi su a jere.

Sannan Baba ya ce in kama sandar da ta leƙo ta gaba in juya. Na juya. Can ɗaya ƙarshen wata sandar ta motsa, a hankali kamar mai tashi daga barci. Ya ce in tura liba. Ta shige da wani ɗan sauti mai taushi, sandar bayan ta ƙara sauri. Na sake turawa wani gefen, sai ta juya da baya. Na yi ta juyawa, ba na jin komai a ciki sai ƙarfe na bin ƙarfe lami lafiya. Hajiya ta ce alhamdu lillahi, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ba a jima ba kwanakin takabata suka cika. Na yi wanka, na sa sabuwar atamfa, aka yi sadaka. 'Yan'uwana suna jira in fara zuwa Koki gaida iyaye, na ce su yi mini haƙuri zuwa la'asar. 'Yan dako sun zo da kura. Na bi bayansu, Hajiya na gefena.

Hasken waje ya yi mini yawa. Lungun da na sani kamar tafin hannuna ya zama baƙo, bangaye duk an manne su da hotunan mutanen da ban sani ba, wasu ruwan farko ya fara ɓare su. Ina tafe kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Kurar na gaba tana ƙara, mutane na matsawa, mata na leƙowa daga soraye.

Taraktar na nan yadda maigidana ya bar ta, rabi na kallon rabi, ciyawa ta fara tsirowa a tsakaninsu. Tsofaffin abokan aikinsa sun riga mu zuwa, Baba ya aika musu. Suka kafa ƙarafa uku suka rataya sarƙa, suka ɗaga giyabos ɗin yana lilo, suka fara ɗaure shi da ɓangaren baya. Sannan aka sa jak a ƙarƙashin injin, maza suka dafa tayoyin gaba suna turowa kaɗan-kaɗan. Ya matso, ya matso, sai ya tsaya. Saura tazarar da ba ta fi faɗin yatsu uku ba, ya ƙi. Suka ja baya suka sake, ya ƙi. Wani ya ce a sa dogayen notuna a jawo shi da ƙarfi.

Baba ya buga sandarsa a ƙasa. "Kada wanda ya matse! Haƙoran sanda ne ba su sami na kuloci ba. In kun tilasta, kun fasa." Ya waiwayo. "'Yata, zagaya baya. Ga wata 'yar sanda nan ta leƙo a ƙarƙashin mazauni. Juya ta kaɗan, kamar kina murza zare."

Na tattare mayafina na tsuguna a bayan taraktar, maza na kallona. Na kama, na murza. Ban ji komai ba. Na ƙara kaɗan. Sai na ji wani ɗan motsi ya biyo ƙarfen ya shigo tafin hannuna, daga gaba kuma aka yi ƙaf, rabi ya haɗe da rabi. Wani ya yi kabbara.

Sauran aikin nasu ne. Suka ɗaure, suka mayar da wayoyi da bututu, suka zuba man giya yana gangarowa kamar zuma. Batirin ya mutu tuntuni, aka aro na wata babbar mota. Taraktar ta yi tari, ta yi shiru, ta sake tari, sannan ta kama, baƙin hayaƙi ya tashi cikin ganyen darbejiya, tsuntsaye suka watse. Wani abokin maigidana ya hau ya zagaya filin da ita, yana sauya giya ɗaya bayan ɗaya. Baba bai kalle ta ba. Ido ya rufe, ya karkata kai, har ta dawo ta tsaya. Ya buɗe ido ya ce a kai shi gida, ya gaji.

Wannan abokin ne ya ci gaba da fita da ita, Yaya na kula da abin da ya shigo. Ta yi mana damina da yawa, da ita yarana suka yi karatu. Baba bai ga ƙarshen shekarar da ta biyo baya ba, Allah ya jiƙansa.

A ranar dai, ni da Hajiya muka kamo hanyar Koki a ƙafa, don ta ce ba za ta hau acaɓa ba. Hadari ya haɗo daga gabas tun muna fili, muna shiga cikin gari ya tsinke. Muka faɗa soron wani gida da ba mu san masu shi ba. Wata mata ta leƙo ta gan mu a jiƙe, ta ce mu shigo ciki mana, ta kawo mana tabarma da dafaffiyar gyaɗa mai zafi. Na miƙa hannu zan ɗiba, ta ga faratana baƙi ƙirin da tafin hannu duk mai, ga sabuwar atamfa.

Ta ce, "Baiwar Allah, wane irin lalle ne wannan?"

Hajiya ta buɗe baki za ta ba ta amsa, sai dariya ta ƙwace mata. Ta yi ta yi har tana riƙe ciki, matar na kallonmu ba ta san dalili ba, ita ma ta kama. Muka zauna muka cinye gyaɗar, indararo na zuba a tsakar gidan mutane. Da ruwan ya tsagaita muka yi godiya, muka cire takalma muka riƙe a hannu, muka bi lungu ruwa na gudu a kan ƙafafunmu har gidan iyayena.